Mai Nutson da Ba Ya Fitar da Kumfa

Jama'a, wannan abin da idona na gan shi, kuma wallahi ban ƙara masa gishiri ba. Shekarun baya ne, lokacin ina direba a Riyadh, a wani ɗan kamfani da ke unguwar Malaz mai koyar da nutso da tukunyar iska. Na san za ku ce ina Riyadh ina teku, ni ma haka na ce ranar da kafilina, wato ubangidan da ya ɗauko ni, ya nuna mini aikin. A kwamin wanka ake koyon, idan mutum ya ƙware sai a kai shi teku, ko kuma wani kogo da ke hanyar Kharj, wanda ruwa ke kwance a can ƙarƙashinsa garau kamar gilashi.

Aikina ɗaukar kaya ne, amma malamin, wani Bamisire da muke kira Kaftin, ya ga yadda nake leƙen ruwan nan sai ya koya mini, ina da shekara hamsin da 'yan kai. Kai! Ranar da na fara numfashi a ƙarƙashin ruwa na ji kamar an mayar da ni yaro, da dare na je kasuwar Utaiqa na cika mutanenmu da labari har suka gaji.

Mutum ɗaya ne bai gaji ba, Baba Sale mai dabino, dattijo ne ya haura saba'in, mutumin Yauri, wanda ya ce tun yana yaro yake nutso a kogin Kwara ba tukunya ba komai. Ya ce shi ma sai ya gwada na zamani. Kaftin ya ce duk wanda ya manyanta sai likita ya duba zuciyarsa tukuna, Baba ya je, aka ce yana da hawan jini amma idan yana shan magani a kan lokaci ba laifi. Ya koya kuwa, har ya fi mu natsuwa, yana yi mana dariya wai muna bugun ruwa kamar kaji.

Wata Alhamis aka sa za mu kogon, murna kamar ta kashe mu, tun a mota Baba ke ta ba ni labarin giwan ruwan da ya taɓa kamawa, kullum kuwa kifin ƙara girma yake. Sai dai kafin ka kai ruwan akwai gangara mai tsawo a kan duwatsu, ga tukunya a baya, ga zafin Riyadh. Da muka isa ƙasa na ga Baba yana haki, leɓɓansa sun bushe.

Dokar nutso ita ce ba a shiga sai biyu-biyu, kowa ya duba kayan abokinsa, ya tambaye shi lafiyar jikinsa tsakani da Allah, in da matsala a fasa. Ni ne abokin Baba. Na duba bututunsa na ce, "Baba, ya jikin?"

Ya ce, "Lafiya lau, alhamdulillah."

Na miƙa masa gorar ruwa, ya ce in bari sai anjima. To kun san mu, Bahaushe ko yana kan gadon asibiti ka tambaye shi lafiya lau zai ce, ni kuma ina zan iya titsiye sa'an mahaifina? Na ƙyale shi. Ashe azumin Alhamis yake yi bai faɗa wa kowa ba, don ba ya son tallata ibada, ga shi ya makara sahur ko ƙwayar maganinsa bai sha ba.

Muka shiga, Kaftin na bayanmu da wani ɗalibi. Subhanallahi, kyan wurin nan! Tocila na haska fararen duwatsu, ba ka jin komai sai numfashinka, muna bin igiya muna gangarawa, zuciyata fes. Ina waigawa in nuna wa Baba wani dutse sai na ga ya saki igiya, kansa ya langaɓe, bututun yana shirin fita daga bakinsa, yana sulalewa ƙasa wajen duhu. Innalillahi! Na yunƙura in bi shi, amma tsoro ya sa na ƙanƙame igiya da hannu ɗaya, tocila a ɗayan, ina kallo mutum zai mutu a gabana.

Sai ga mutum a jikinsa. Ban ga ta inda ya zo ba. Ya rungume Baba, ya danna masa bututun a baki, suka ɗan tsaya cik, sannan suka fara tasowa a hankali, yadda aka koya mana, don idan aka fizgo mai nutso sama da sauri iskar jikinsa kan yi masa illa. Na ce alhamdulillah, Kaftin ne, na biyo su ina jan igiya. Muna cikin tasowar ne na lura da abin da har gobe yake tayar mini da tsigar jiki: ni ina fitar da kumfa, Baba na fitar da 'yar kaɗan, shi kuwa mutumin nan ko ɗigo. Ba tukunya a bayansa, ba tocila a hannunsa. Da muka kusa sama ya turo mini Baba a ƙirji, ya juya ya koma ƙasa, duhu ya rufe shi.

Muka fito, na ja Baba kan dutse, na ba shi iskar gaggawa, ya buɗe ido yana tari. Kaftin ya fito bayanmu ya dafa ni yana ta "Masha Allah, habibi!" wai ban taɓa burge shi irin yau ba, na tayar da Baba shwayya-shwayya, wato a hankali, kamar ƙwararre. Na ce ba ni ba ne, ai shi ne. Ya dube ni ya rantse yana can baya yana kokawa da ɗalibinsa da ya firgita, kuma da ya haska mu, mu biyu kawai ya gani. Mu huɗu muka shiga ruwan nan, ba wata mota a bakin kogon sai tamu.

Muka garzaya da Baba mustashfa, wato asibiti, likita ya ce jikinsa ya bushe ba ruwa, zuciya ta yi tuntuɓe, saura ƙiris. Da ya warware na je duba shi, na tambaye shi ko ya ji wanda ya riƙe shi. Ya ce, "Ɗana, na ji shi. Hannunsa da ɗumi, ba safar roba. Amma fa da farko ƙasa yake ja na. Sai ya kara kunnensa a ƙirjina ya saurara, kamar mai tabbatar da wani abu, sannan ya juya da ni sama."

Baba yana nan da ransa yana sayar da dabinonsa, ni kuwa na ci gaba da nutso a teku, amma kogon nan ban sake taka shi ba. Don Allah 'yan uwa, in shekaru sun ja kuma kuna sha'awar wannan abin, ku je likita, ku sha maganinku, ku sha ruwa, kada ku haɗa nutso da azumi. Idan kuwa abokin nutsonka dattijo ne ya ce maka lafiya lau alhali kana ganin leɓɓansa a bushe, ajiye kunya ka hana shi shiga, ya yi fushinsa a tudu. Mu dai an dawo mana da namu, ban san abin da mutumin nan zai ji a ƙirjin naku ba.