Dungun Tatay Eking

A ofishin tallafin naƙasassu, inda nake bin layi, wani dattijo yana zaune, farar rigarsa ta sha guga irin wadda sistocin coci suka koya mana a da, hannun rigar na hagu a naɗe, an maƙale da fil. Kantar tafinsa ta masu saran rake ce. Wataƙila injin matsar rake ne ya cinye ɗaya hannun.

Ma'aikaciya ta kira shi da Tatay, wato Baba, ta ce, "Tatay Eking, shaidar likitanka ta tsufa. Babu sabuwa, babu tallafi."

Bai yi musu ba. Ya zare fil ɗin, ya ɗora dungun a kan teburinta. Ta zabura.

"Duba da kyau, Inday, 'yata. Ko ya tsiro ban sani ba?"