Dawar da Ta Kwanta a Durba

Ban yi boko ba, amma ba a taɓa shigo da abu gidana ya wuce idona ba. Shi ya sa da autata ta zo Rano hutu da damina, tana shirin komawa ƙasar waje kan binciken taurari, na ce ba inda za ta sai na san abin da take yi. Maƙwabciyata ta riga ta raɗa mini cewa mai bin taurari, ko da digiri, boka ne. Ni kuwa ba zan sa albarka a kan duba ba.

Na zaunar da ita da hantsi ina tsintar wake. Ta ce akwai manyan taurari da in ajalinsu ya zo sai su fashe, su feso wuta ta wata siririyar hanya, nan da nan ta ɗauke. Ita ba wutar take nazari ba, sauran hasken da ke biyo baya ne, wanda kan yi kwanaki yana dushewa.

Na ce, "To me za ki yi da saura?"

"Inna, siffar feshin muke so mu sani. Tsukakke ne ko mai faɗi."

"Wa ya aike ku?"

Ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Sai ta ce wai haske ma yana da ɓangaren da yake kwantawa, kuma daga kwanciyarsa suke gane siffar. Ta ɗebo ruwa a ƙwarya ta ajiye a rana, ta miƙo mini wani baƙin tabarau, ta ce in leƙa ina juya shi a hankali. Na juya, ƙyallin ruwan ya ɓace, ga gindin ƙwarya. Na mayar, ya dawo. Ruwa a ƙwarya, a ce maka leƙa, ai haka nake jin bokaye na yi. Na ture mata kayanta.

"Faɗa mini gaskiya, me ya nuna miki game da baɗi?"

"Ko gobe ban sani ba, Inna. Abin da muke gani ya faru tun ba a haifi kakan kakanki ba, sai yanzu haskensa ya iso."

Nan kaina ya ƙara ɗaurewa. Boka dai gobe yake sayarwa. Wannan kuwa jiya take tonowa, jiyan da ba ta kowa ba.

Bayan kwana biyu aka yi ruwa da iska, aka aiko daga ƙauyen Durba cewa dawar ƙanena ta kwanta. Muka tafi jaje tare. Da na tsaya bakin gonar na ce iskar nan daga gabas ta shigo, kuma ba ta da faɗi, don ga kara ya kwanta fuska ɗaya a tsakiya, na gefe yana tsaye.

Auta ta ce, "Kin ga iskar ne, Inna?"

"Ina zan gan ta ina Rano?"

"To aikina ke nan."

Na daɗe ina kallon gonar. Har yau ban gane yadda haske ke kwanciya ba, shi da ba shi da kara balle saiwa. Ban kuma san wanda zai ƙoshi da faɗin wutar tauraro ba. Amma abin da na yi a bakin gonar nan ba duba ba ne, wannan na tabbata.

A mota muna komawa na ce ta je, Allah ya yi mata albarka. Tabarau ɗin dai na ce kada ta bar mini shi a gida.