Sikirat 'Yar Banki

Shekara ashirin da biyu Sikirat Jimoh ta yi tana aiki a kan kanta a wani reshen banki kusa da Taminus. Ta san sa hannun kowane ɗan kasuwa, ta san wanda matarsa ba ta da lafiya. Da mutane suka koma tura kuɗi ta waya, layi ya yi ta raguwa, har manaja ya tara ma'aikata ya ce haya da man janareta sun fi ƙarfin reshen, za a rufe.

Ta koma gida Nasarawa Gwom, sati biyu ko ƙofa ba ta leƙa ba. Ran nan sai ga Baba Mahdi, wani tsohon tela da ya saba zuwa wurinta, riƙe da waya.

"'Yata, an ce bankina ya koma cikin wannan abu. Ni kuwa ban ga ƙofarsa ba."

Sikirat ta yi dariya har da ƙwalla. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kama yatsansa tana nuna masa inda zai danna, har ya iya.

Washegari ya dawo da matarsa. Yanzu kullum da safe benci biyu ake ajiyewa a ƙofar gidanta.