Hantar Ranar Laraba

Babu wanda ya taɓa yi wa yunwa dabara irin wadda Malamin Jadawali ya yi mata. Wasu sun tunkare ta da noma, wasu da kasuwanci. Shi da rula da fensir ya tare ta. Ita dai yunwar ba ta san an yi ba.

A makarantar da yake koyarwa ya samo sunan. Shekara ashirin da biyu shi ke tsara jadawalin darussa, kuma ba a taɓa samun malamai biyu sun yi karo a ƙofar aji ɗaya ba. Idan malami bai zo ba, ba a cewa darasi ya faɗi, sai dai a ce an ɗage shi. Aƙidarsa ke nan: abin da ke rubuce a jadawali bai ɓata ba, lokacinsa ne bai yi ba.

Da albashi ya fara ƙarewa tun wata bai raba ba, sai ya ɗauki iliminsa ya kai gida. Ya samo bayan tsohuwar kalanda, ya ja layuka, kwana bakwai da ci uku-uku, ya manna a ƙofar kicin. Shinkafa, wake, taliya, wake, shinkafa. Baki shida ke jiran wannan takarda: shi, matarsa, yara uku, da mahaifiyarsa Inna, wadda ta dawo wurinsu tun da jiri ya kayar da ita a banɗaki.

A asibiti nas ta ja fatar idon Inna ta duba, ta ce, "Malam, jinin tsohuwar nan ya yi ƙasa sosai. Ga ƙwayoyi, amma su kaɗai ba za su isa ba. A riƙa ba ta hanta ko sau ɗaya a mako. In ba haka ba, gado za mu ba ta."

Yana dawowa ya fiƙe fensir, ya rubuta a gidan Laraba da rana: hanta, Inna. Rubutun ya yi kyau ƙwarai.

Cefane da kansa yake yi, ran Asabar da yamma, lokacin da tumatir ya yi laushi, mai shi ma ya yi laushi. Tafiyar ma tana da tsari. Mai shinkafa, mai wake, mai man girki, mai albasa, sannan mahauci a ƙarshen layi. Kafin ya isa can aljihu ya riga ya tashi daga aiki.

"Malam, yau ma gaisuwa ce?" in ji mahauci.

"Farashi nake dubawa."

"Duba da kyau. Kallo ne kawai ba a ƙara wa kuɗi ba."

Matarsa ta ce masa, "Baban yara, ka fara da mahaucin mana, ko sau ɗaya."

Ya ce, "Ba a sa darasin mutum ɗaya a gaban na aji guda. Shinkafa ta baki shida ce. In na fara da hanta, wace rana zan goge wa yara?"

Ta koma kan tsintar wake. Abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa.

Don haka duk Talata sai ya ɗauko magogi. Hanta ta tashi daga Laraba ta koma Juma'a, daga Juma'a ta koma Lahadi, ta zagayo ta dawo Laraba. Sau ɗaya ta kusa shiga gidan, a ƙarshen wata, sai gas ya ƙare a tsakiyar girki, kuɗinta suka tafi wurin mai gas, aka sake ɗage ta.

Inna ba ta karatu, sai ta kira babbar jikarta. "'Yar nan, duba mini, yau ina hantata ta sauka?"

"Tana Juma'a, Inna."

"To, in kun haɗu a gaishe ta. Ta fi ubanki yawo."

Yara suka yi dariya, shi ma ya yi murmushi. Ya lura Inna ta daina tashi sai ta dafa bango, kuma tafin hannunta ya yi fari. Ya lura har ila yau cewa gidan Laraba ya huje saboda guga, ana hango fentin ƙofa ta ciki. Na biyun ne yake da maganinsa. Ya liƙa ƙaramar takarda a kan hujin, ya sake rubutawa.

A mako na tara Inna ta sake faɗuwa, wannan karon da kofin ruwa a hannu. Nas ta cika alkawarinta.

A ɗakin marasa lafiya, kusa da ƙofa, ya ga jadawalin abinci an buga da inji, an sa masa leda. Ya tsaya ya nazarce shi irin na masu sana'a ɗaya. Layuka a miƙe, babu gogewa ko ɗaya. A gidan Laraba da rana an rubuta hanta. Ranar kuwa Laraba ce.

Ya dawo bakin gadon da saurinsa. "Inna, kin ci sa'a. Yau a nan ta sauka."

Ta ce, "Ashe ita ma ba ta da lafiya."

Ƙarfe ɗaya daidai aka turo keken abinci. Wake aka kawo.