Hannun Madubi

Idan kana son ganin ɓacin ran yayana, ka kira shi mai wankin mota. Shi mai goge fenti ne. Mota za ta shigo garejin da muke aiki ta koɗe, jikinta duk zanen tsumma da ƙaya, sai ya kunna injinsa mai juya soso ya bi ta gaɓa-gaɓa, har mai ita ya hango haƙoransa a jikin ƙofa. Daga nan ya samo sunan Madubi. Ni ƙaninsa ne, ni nake feshin fenti a garejin, kuma kullum yana ce wa mutane aikinsa shi ne rufa mini asiri.

Aikin nasa yana da haɗari guda. A saman kowane fenti akwai wata siririyar fata mai ƙyalli, ita ake ci kaɗan-kaɗan har zane ya ɓace. Soso yana juyawa, wurin yana ɗaukar zafi, kuma idan zafin ya wuce kima fatar ta ƙone, sai tokar da ke ƙasa ta leƙo. Daga nan babu gyara sai sabon feshi. Saboda haka Yaya ba ya yin zagaye biyu bai ɗaga inji ya ɗora yatsunsa a kan ƙarfen ba. Yatsun ne suke ce masa ci gaba ko dakata.

Ya ga abubuwa a wannan sana'a. An taɓa kawo motar da aka ɓare wa rubutun talla, ya goge ta tas, amma da ta fita rana sai inuwar rubutun ta dawo. Akwai wadda mai ita ya shafa wa man birki don ta yi ƙyalli, fentin ya yi laushi yana kama soso kamar ƙaro. Akwai baƙar motar da ko tsumma mai laushi ka ɗora mata sai ta yi zane. Ni da na ga irin waɗannan nake fara zage-zage. Shi kuwa sai ya shafa, ya ce, "Bari dai mu ji abin da take so."

Ciwon ya fara ne da minjirya. Idan ya kashe inji sai ya yi ta yarfa hannu, muna yi masa dariya wai yana korar ƙuda. Matarsa ce ta fara gane ba wasa ba ne. Ta tare ni a ƙofar gida ta ce, "Ɗazu yayanka ya sauke mini tukunya daga kan wuta da hannu, ko tsumma bai sa ba. Sai da na nuna masa ƙunar sannan ya sani." Da na kai shi asibiti, likita ya ce girgizar injin ce ta cinye jijiyoyin yatsun, ya ajiye aikin tun da sauran abin ceto. A hanya Yaya ya ce mini, "In ajiye in kama me? Tun ban yi gemu ba abin da na iya ke nan. Kada ka faɗa wa kowa." Ban faɗa ba, amma raina ya yi mugun ɓaci, don na san taurin kansa.

Ba a daɗe ba ya ƙone bonet ɗin wata jar mota. Mutumin da tunda nake ban taɓa ganin ya ƙone ko gefen madubi ba. Na fesa wurin, mai gareji ya ba mai motar haƙuri, sannan ya kira Yaya gefe. "Madubi, ina ganin girmanka," ya ce. "Amma ba zan iya na biyu ba. Idan aka sake, sai dai mu rabu lafiya."

Daga ranar Yaya ya samo dabara. Idan ya ɗaga inji sai ya sunkuya kamar mai duba zane, ya manna kumatunsa a jikin ƙarfen. Kumatun suna jin zafi, su ba su mutu ba. Bakanike ya fara tsokanarsa, "Yau kuma me ta raɗa maka?" Fanalbita, mai gyaran jikin mota, ya ce ai soyayya ce, a sanar da uwargida. Yaya yana taya su dariya, gefen fuskarsa ya yi baƙi da man gogewa, fatar wurin tana saɓulewa. Ni kaɗai na san abin da nake kallo, kuma ba na iya dariyar.

Ana nan wata tsohuwa ta sa aka jawo mata motar marigayin mijinta. Baƙa ce, tsohuwar yayi, ta daɗe a rufe da tampol, danshi ya shiga fentin ya bar farin gajimare a ko'ina. Ta tsaya da sandarta ta ce wa Yaya, "Ɗana, abu ɗaya nake roƙo. Fentin nan da shi ya saye ta, bai taɓa yarda an fesa mata wani ba. A fitar da farin nan kawai, kada a ƙara mata komai."

Irin wannan farin ba a kankare shi. Ɗumi ake ba shi a hankali har danshin ya fita, wato aikin gaba ɗaya na jin zafi ne. Na ja shi ɗakin feshi na ce, "Yaya, ka ce ba za ka iya ba."

"In ce ba zan iya ba a gaban mai gareji? Ai na sallami kaina ke nan."

"To bari in tsaya kusa da kai, kana gogewa ina taɓawa."

"Ga shi can zaune yana kallo. Ya ga ƙanina yana taɓa mini mota, me ya rage?" Ya riƙe hannuna, na ji yatsunsa sanyi ƙalau. "Ka bar ni in gama wannan ɗaya. Ita kaɗai."

Ya yi aikin da ban taɓa ganin irinsa ba. Goge, sunkuya, manna fuska, jira. Rufin ya fito, ƙofofin suka fito, bonet ya zama kamar ruwa a randa. Gumi yana zuba, kumatun sun yi jawur, bai ko tsaya cin abinci ba. Har na fara cewa a raina ya tsira.

Saura wani ɗan lungu a bayan motar, gefen but, tsakanin fitila da murfi, inda fuska ba ta shiga. Na ga ya gwada ta dama, ya gwada ta hagu, hanci ya hana. Ya waiwayo ya dube ni, ya dubi mai gareji. Sai ya ɗora yatsunsa kamar yadda ya saba tun yana saurayi. Yatsun suka ce masa da sauran sanyi. Ya sake kunna inji.

Tabon bai fi babban yatsa ba, toka-toka a tsakiyar baƙi. Yaya ya durƙusa yana murza shi da tsumma, ya zuba ruwa, ya sake murzawa, har da yawu, yana ta faɗin, "A'a, a'a, don Allah." Na tsuguna na ce masa a hankali zan haɗa launi in fesa, ko mai ita ba za ta gane ba. Ya ce, "Abu ɗaya ta roƙa."

Da tsohuwar ta zo, shi da kansa ya kai ta wurin. Ta duba, ta ɗora tafin hannunta, ya rufe tabon daidai. "Nan marigayi yake dafawa duk lokacin da zai buɗe but," ta ce. "Hannunsa ne ya cinye wurin." Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Mai gareji ma bai ɗaga murya ba. Ya zare wayar injin daga bango, ya naɗe ta da kyau, ya miƙa wa Yaya da hannu biyu.

Ni na ɗauko masa injin har gida. Muna shiga matarsa ta fito da autarsu a kafaɗa, ba ta ko lura da abin da nake riƙe da shi ba. "Tun rana take kwance," ta ce. "Baban yara, taɓa ta ka ji, ni na kasa ganewa."

Ya ɗora hannunsa a goshin yarinyar, ya bar shi a wurin. Na ga fuskarsa tana jira, babu abin da ya zo. Sai ya janye hannun ya ɓoye shi a bayansa, ya sunkuya ya manna ƙonannun kumatunsa a goshinta.

"Akwai zafi," ya ce. Bai ɗago ba.