Kuka Biyu a Bakin Kalangu

A gidanmu na Didaouré, cikin Sokodé, yayana ya bi Baba ya zama mahauci, ni kuwa na bi kawunmu, makaɗin mahauta, na rataya kalangu. Kowane mahauci yana da takensa, wato ɗan kiɗan da ake kiransa da shi. Na Yaya gajere ne: kuka, kuka, inuwar 'yan kasuwa. Yaya ƙato ne, shi ya sa aka ba shi bishiyar kuka. In na buga masa, sai ya ɗaga wuƙa sama ya kurma ihu, masu sayen nama su ja da baya suna dariya.

Kalangu ba ya faɗin harafi, hawa da saukar murya kawai yake bi. Ka matse igiyoyinsa a hammata, murya ta hau. Ka saki, ta sauka. Kuka ta bishiya, matsewa ake yi sannan a saki. Kuka na hawaye kuwa, a matse ake barinsa har ƙarshe. Ina ƙarami na sha ranƙwashi a kan wannan sakin, yawanci ma daga hannun Yaya, wanda bai iya kiɗa ba amma kunnensa ya fi na makaɗa.

Daga baya ya yi aure ya koma Dapaong da sana'arsa, ni kuma na bi ayarin samari zuwa Jamus. Abin dariya, nama na guda, nama na tarar. Aiki na samu a ɗakin sanyi na wani kamfanin yanka, ina ɗaukar kwalaye a kafaɗar hagu, ba mai kirari, ba mai ciniki, ba ka ma ganin fuskar wanda zai ci. Na tafi da kalanguna. Sau ɗaya na taɓa shi a ɗakina, wata Lahadi da rana. Ban kai ƙarshen take ba tsohuwar da ke ƙasa da ni ta hau dukan rufin ɗakinta da sandar tsintsiya. Na naɗe shi cikin tsohuwar riga na ɗora kan kwaba, nan ya tsufa. Na ji haushin matar nan shekara da shekaru, alhali kullum muka haɗu a matakala sai ta yi mini murmushi.

Duk Juma'a Yaya yakan kira ni. Bayan gaisuwa sai ya ce, "Makaɗi, ba ni nawa." Ni kuma in yi masa da baki, ƙasa-ƙasa kamar mai gulma. Ya yi ihunsa daga can, in nisanta wayar daga kunnena. Haka muka yi ta yi har furfura ta fito mini.

Wata Juma'a matarsa ce ta kira. 'Yar ƙabilar Moba ce daga Korbongou, Hausarta ta kasuwa ce. Ta ce, "Maigida ƙarami, yayanka ya faɗi. Wuƙa ya faɗi a hannunsa, shi ma ya faɗi. Likita na lopital sun ce rabin jiki ya mutu, baki ma ya mutu." Na ce ta sa masa wayar a kunne, na yi masa takensa da baki. Ban ji komai ba sai numfashi. Sai ta ce, "Ya juya fuska. Wannan na baki ba ya so kuma."

Ranar na sauke kalangun daga kan kwaba. Abu ɗaya nake so, Yaya ya ji takensa daga fata kafin ɗayanmu ya tafi.

Da na dawo ƙasarmu, na fara sauka a Sokodé, aka sake wa kalangun fata da igiyoyi. Ana bikin aure a unguwarmu, dangi suka matsa sai na buga. Na yarda, don ina son gwada hannuna. Da na zo kan taken Yaya na matse, na zo saki, kafaɗa ta ƙi. Sanyin ɗakin nan ya riga ya ƙage ta. Na sake, ta sake ƙi. A tsakiyar gidan biki kalanguna yana ta cewa kuka, kuka, irin na hawaye. Na duba fuskokin mutane ina jiran tsawa. Samari na rawa, mata na guɗa, ana ta tafi, wayoyi a sama ana ɗaukata. Wani saurayi ya dafa ni, ya kira ni kawu da Faransanci, ya ce, "Tonton, hannunka yana nan wallahi!" Tsoffin mahautan da za su jefe ni da ƙashi duk suna maƙabarta. Ban taɓa jin kaɗaici a Jamus kamar na wannan tafin ba.

Washegari na kama motar Dapaong, ina ta murza kafaɗa da man kaɗanya har wanda ke kusa da ni ya tambaya ko faɗuwa na yi. Daga tasha zemijan, wato ɗan acaɓa, ya kai ni gidan Yaya.

Na same shi a tsakar gida kan tabarma, an jingina shi da bango. Ƙaton nan ya zama abin da zan iya ɗauka da hannu ɗaya. Na durƙusa na ce, "Yaya, na zo." Ya dube ni, sannan ya dubi abin da ke rataye a kafaɗata, bai sake ɗauke ido daga kansa ba.

Na zauna gefensa na buga. Kafaɗar ta yi abin da ta yi a Sokodé. Fuskarsa, rabin da ke motsi, ta yamutse. Na sake bugawa, ya yi wani gurnani, ya daki tabarma da hannunsa mai lafiya. Matarsa ta ce, "Ka bari, yana jin ciwo." Na ce, "Ba ciwo ba ne, faɗa yake mini." Hawaye na zubo mini, amma wallahi daɗi nake ji, ga wanda ya ji kuskuren.

Sai ya miƙo hannun nan ya kama gwiwar hannuna ta hagu. Na ɗauka hana ni zai yi. Na buga, na matse, shi kuma ya ja gwiwar waje da ƙarfinsa na mahauci. Zafi ya ratsa ni har wuya, igiyoyi suka saki, murya ta sauka. Kuka ta bishiya ta fito. Muka sake, ni da gula ina dukan fata, shi yana ja, har muka kai inuwar 'yan kasuwa. Ya saki gwiwata ya ɗaga hannun sama, a dunƙule kamar da wuƙa a ciki, ya buɗe baki. Ihun bai fito ba.

Bai ga damina ta gaba ba. Ban koma Jamus ba, ina Didaouré, ana kirana biki da suna, ina zuwa. Kullum nakan rufe da taken Yaya. Kafaɗar ba ta warke ba, kalangun hawaye yake faɗa, mutane kuma suna tafi.