Laimar Ƙwai

Cikin shekarun farko na mulkin kai maigidana ya shigo Illela da wani akwati a bayan jaki, yana tafe yana murmushi kamar wanda ya sayo doki. Fataucinsa tsakanin nan da Ƙwanni ne, kuma mutum ne da ba ya ganin baƙon abu ya wuce. Wai akwatin ƙyanƙyasa ne. Fitilar kananzir ce a gefe take ɗumama shi, a zuba ƙwai a riƙa juyawa, su fito ba tare da uwa ba. Ya saye shi hannun wani Bazabarme, kukun wani Nasara da ya koma ƙasarsu.

Na tambaye shi ko an gaya masa yadda ake yi.

"An hwaɗa min duka," in ji shi. "Yac ce wuta kar ta mutu, kuma ƙwai na son laima. Ya maimaita min har sau nawa, laima, laima."

To, mai akwati ya ce laima. Maigida ya ɗauko baƙar laimarsa ta zuwa Juma'a, ya buɗe ta a ɗakin ajiya, ya ɗaure a kan akwatin. Ni dai na ce a raina, abin da ke cikin ɗaki wace rana ce za ta dake shi? Amma aikin Nasara ne, na ja bakina. A ƙasan akwatin akwai wani faranti mai faɗi da ba mu san amfaninsa ba, nan ya riƙa ajiye ashana da lagwani.

Zubin farko da ƙwan kasuwa aka yi, cikin bazara, lokacin da ko wanki ka shanya kafin ka juya ya bushe. Abin da ya fito bai yi kyan gani ba. Ɗan tsako zai huda ɓawo, ka ga baki yana motsi, sai ya tsaya nan. In ka ɓare, fatar ciki ta bushe ta manne masa kamar takarda. Waɗanda suka fito, wasu ƙafa a tale, wasu yatsu a nannaɗe, ba su yi kwana ba. Maigida ya ce laimar ce ta yi ƙanƙanta, ya fara cigiyar babba.

Dariya nake masa har ciwon kaji ya shigo unguwarmu.

Ina da kaji durgu, masu gajerun ƙafafu, irin na Inna, mahaifiyata. Daga Gidan Katta na zo da kakarsu, kuma tun rasuwar Inna garken can ya watse, nawa kaɗai suka rage. Ciwon ya share su ɗaya bayan ɗaya, har zakaran. Ta ƙarshe ta mutu ta bar ƙwai a akurki, ba ta ko fara kwanci ba. Na zaga maƙwabta neman kazar da zan sa wa, ko'ina akurki wayam. Ba zan ɓoye ba, na ji zafin abin fiye da yadda ya kamata a ji don kaza, domin su ne abin Inna na ƙarshe da ke numfashi a gidana.

Ba yadda na iya, na kai ƙwan akwatin da na gama yi wa dariya.

Ana cikin haka, wata ranar da zafi ya kai zafi, maigida ya jawo tabarma zai shimfiɗa gindin randa don ya sha sanyi.

Na ce, "Malam, kak ka shimhiɗa nan, wurin da laima."

Ya tsaya da tabarma a hannu. "Mi kic ce?"

"Nic ce da laima. Ruwa na tsattsafowa daga randa, ƙasar ta jiƙe."

Ya dubi ƙasar, ya dube ni, ya dubi ƙofar ɗakin ajiya. Sai ya zauna daɓas a kan laimar da na hana shi, ya yi ta dariya har da hawaye.

"Wagga laima Bazabarmen nan ka nuhi! Damshi! Ni ko nib ba ƙwai inuwa!"

A bakinmu kalmomin biyu ba sautinsu ɗaya ba, amma Hausar Bazabarme ba ta rabe su ba, kunnen maigida kuma ya ɗauki wadda ya fi so. Rashin sani, kaza ta kwana kan dami. Muka kwashe ashana da lagwani daga farantin nan, na cika shi da ruwan ɗumi. Da zafi ya ƙaru na riƙa jiƙa tsumma ina shimfiɗawa a gefe, in ya bushe in sake.

Gyaran ya zo a makare ga yawancinsu, don sun riga sun sha bushewa. Da lokaci ya yi, wasu ko hudawa ba su yi ba. Ɗaya ya fito da kansa, jiƙe sharkaf, ya bushe ya miƙe. Wani ya huda ya maƙale, yana ta kuka ta ɗan ramin. Na sa auduga cikin ruwan ɗumi ina ɗiga wa fatar, in ta yi laushi in ɓare kaɗan, in na ga jan jijiya in dakata. Maigida na tsaye a kaina yana ba da shawarar da ba wanda ya tambaye shi. Da la'asar ya zame cikin tafina, ƙafafun nan gajeru kamar an datse.

Biyu ke nan. Da babu gara ba daɗi. Na raine su cikin kwando da tsakin gero, amma hankalina bai kwanta ba, don ɗan tsako ba ya nuna ko mace ne ko namiji. In duka zakaru ne, sai dai a gauraya da kajin kasuwa, irin ya narke.

Bayan damina, ɗaya daga cikinsu ya fara gwada cara, murya a shaƙe. Kullum na fito shara sai in kasa kunne ina jiran na biyun. Shiru. Rannan na je ɗibar gero na sami ɗayar a lafe bayan rumbu, ta hura gashi tana hararata. Na sa hannu ƙarƙashinta, na ji ƙwai da ɗuminsa.